Neman kalma kafin Juma'a: gahawa, ƙwaƙwalwa da ɓerayen gwaji

Ummu Safiya (Jidda): Salamu alaikum. Juma'a bayan Isha'i zan yi wa matan unguwarmu bayani kan gahawa da masu ciwon sikizofireniya, wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kalmomin Hausa sun tsaya mini a wuya. A ɓeraye ake binciken da zan kawo, don kwaikwayon ciwon: a ba su maganin ketamin ko MK-801, masu toshe NMDA, wata kafar karɓar saƙo a ƙwaƙwalwa, sai su yi ta kai-komo ba hutu, suna ƙaurace wa 'yan'uwansu. Daga nan a ba su kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa, a ga yadda ƙwaƙwalwar ke cin sukari. Me zan ce wa metabolizim? Ciwon fa? Ɓerayen fa?

Ɗan Madina: Narkewar abinci mana, Anti.

Likitan Dare (Riyad): A'a ƙanena, narkewa a ciki da hanji take ƙarewa. Wannan a cikin ƙwayoyin halitta ake yi, inda ake ƙona sukari a samu ƙarfi. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce na nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin. Ki ce "sarrafa makamashi". Ki kuma rubuta kafeyin da y, kar a karanta shi "kafin".

Malam Na-Makka: Kafeyin kuma? Kakanninmu da goro suka keta Sudan a ƙafa har Sawakin, yau sai mun aro sunan abin da ke cikinsa? Ruhin goro. Na daɗe ina faɗa, ba a ji.

Ɗan Madina: Allah ya gafarta Malam, ai a gahawa da shayi ma akwai shi. Wanda ya ciro shi a 1819, Runge Bajamushe, daga 'ya'yan gahawa ya ciro.

Malam Na-Makka: Shi ya ciro, ni na raɗa. Ku 'yan jami'a in kalma ba ta sa kwat ba, ba kwa gaishe ta.

Hajiya Mai Wurno: Malam, "ruhi" a garin nan? Tsofaffi za su zaci aljani ne a cikin goro. Mu a Sinnar ta Sudan gahawar jabana muke sha da citta, ba mai cewa ruhin komai. Sikizofireniya kuwa fusam muke ce masa, yadda asibiti ke rubutawa.

Malam Na-Makka: Hausar Sudan ai rabinta Larabci ce, Hajiya.

Hajiya Mai Wurno: Taku ta Makka fa? Faɗi "yalla" da Hausa mu ji.

Likitan Dare: Ku bari mu taimaki baiwar Allah. Fusam yana da matsala, mutane na jin "infisamus shakhsiyya" su ɗauka mutum biyu ne a jiki ɗaya. Tun sunan sikizofireniya da likita Bleuler ɗan Switzerland ya sa a 1908, mai nufin tsagewar hankali, ake wannan kuskuren. Japan ma a 2002 ta canja nata sunan saboda ƙyama. Hauka zagi ne, taɓin hankali ya yi faɗi. Ni "ciwon rikicewar tunani" nake ce wa dangin majinyata. Kuma ɓera ba ya kamuwa da ciwon nan, Anti, alamu kawai ake kwaikwaya, ba wanda ya san ko yana jin muryoyi kamar masu ciwon. Kafeyin yana tare gurbin adinosin, sinadarin da ke taruwa ya kawo barci, yana matse jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, alhali cin sukarin wasu sassanta na ƙaruwa. Abin da zai fi yi wa matan amfani: mai shan kulozafin, wani maganin ciwon nan, gahawa mai yawa na iya ɗaga maganin a jininsa, domin hanya ɗaya hanta ke bi da su. Ya gaya wa likitansa finjali nawa yake sha.

Ɗan Madina: Ɓerayen sai a ce zakaran gwajin dafi.

Ummu Safiya: Za su tambaye ni ina zakaran, ina ɓeran. Na ɗauki "sarrafa makamashi" da "ɓerayen kwaikwayon ciwo". Ciwon zan ce fusam tukuna don shi suka sani, in bi shi da na Likita. Kafeyin yana nan, Malam a yi haƙuri, amma zan ce shi ne abin da ke hana barci a goro.

Malam Na-Makka: To. Goron dai ya shiga. Makamashin nan ma na kamfanin lantarki ne, amma na yi shiru.