Masu jan lodin gaggawa a Amurka, ina kuke samun kaya da farashi mai kyau?

Ɗan Tasawa:

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga harkar nan ta lodin gaggawa, wato ekspidait. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio, shekara huɗu ina jan Uber da rana ina aikin sito da dare, na tara ɗan abin da na tara na sayi Ford Transit hannu na biyu mai dogon jiki, tana cin falet uku, wato katakon da ake ɗora kaya a kai. Na buɗe kamfanina, na biya dala 300 na lambar MC, wato izinin jan kayan mutane tsakanin jihohi, na yi inshora, yau wata biyu da sati ɗaya kenan.

Wallahi abin ba kamar yadda aka faɗa min ba ne. Ina biyan kuɗin DAT, allon intanet da dillalai ke sa lodi, duk wata amma lodin ƙaramar mota kaɗan ne a ciki, in ka gani ka kira sai dillalin ya tambaye ka watan MC ɗinka nawa, kana cewa biyu sai ya ce sai ka kai wata shida ya kashe waya. Na ɗauki disfaca, mai nemo min lodi, yana cin kashi 10. Satin jiya ya samo min kaya daga Columbus zuwa Nashville, mil 380 a kan dala 340, kuma ina Dayton lokacin, sai da na yi mil 70 babu kaya kafin na ɗauka. Na sauke na kwana biyu a filin gidan mai na Pilot ina jiran na dawowa. Inshora kaɗai dala 1,400 nake biya a wata, bashin mota 850, watan jiya mil 5,000 na yi duka. Iyali na gida suna jira, ni kuma ban ga inda kuɗin ke shiga ba. Shin ni ne ban iya ba ko kasuwar ce haka? Kuma nawa ne farashin da bai kamata mutum ya sauka ƙasa da shi ba?

Alhaji_Toledo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ina cikin harkar nan tun 2011, bari mu fara da lissafin da ka kawo da kanka, don amsar tambayarka ta ƙarshe tana ciki. Inshora da bashin mota sun zama dala 2,250, raba su da mil 5,000, senti 45 kenan a kowane mil tun kafin ka kunna mota. Mai a Transit ba zai gaza senti 20 ba. Taya, birki, juyen mai, da ranar da giya za ta ce ta gaji, ajiye musu senti 10. Ka ga motarka tana cin senti 75 a mil. To lodin Nashville ɗin nan mil 450 ka yi ba 380 ba, don mil ɗin wofi ma mai ya sha, 340 a raba da 450 senti 75 da ɗoriya ne. Disfaca ya cire 34, in kana sayar da takardar biyanka ga masu ba da kuɗi nan take su ma sun cire wajen 10. Wato daga aljihunka ka cika wajen dala 40 ka kai wa mutane kayansu, ban da kwana biyun da ka yi a zaune. Ba wai ina ɗaga maka hankali ba ne, ni ma shekarata ta farko haka na yi ta yi ina murna wai mota tana tafiya.

Don haka babu wani farashi guda da zan ce maka shi ne na kowa. Wanda ya gama biyan motarsa kuma yana mil 9,000 a wata zai ɗauki abin da kai zai kashe ka. Naka ka rubuta shi a takarda ka manna a gaban sitiyari, ka ɗora ladan guminka a kai, duk lodin da aka kira ka ka haɗa mil ɗin zuwa ɗauka da na kaiwa, ka kuma tambayi kanka garin da za ka sauke akwai fita ko babu. Florida misali, za a ba ka farashi mai daɗi zuwa Miami, sai ka sauke ka ga babu abin da ke fitowa, ka koro motar wofi har Atlanta ribar ta tafi a hanya.

Maganar inda kaya suke kuma. Ka fahimci me ya sa ake biyan kuɗin gaggawa tukuna. Masana'antun mota ba sa tara kayan gyara a sito, kayan yau yau suke isowa, in wani ƙarfe ɗaya ya makale layin haɗa mota gaba ɗaya zai tsaya, to a nan ne ake neman mota ƙarama da za ta ɗauki falet biyu ta tafi kai tsaye ba tsayawa. Shi ya sa aikin ya fi yawa a kan babbar hanyar I-75 daga Detroit zuwa Toledo, Dayton, Cincinnati, Georgetown ta Kentucky inda Toyota take har Atlanta, da I-65 ta Indianapolis, Louisville, Nashville, sai Laredo bakin iyakar Meziko. Kai ma Honda na nan Marysville kusa da ku, wurin zamanka ba laifi. Amma irin wannan lodin yawancinsa ba ya hawa allon da kowa ke gani. Masana'anta tana da kamfanonin da take kira, su kuma in ba su da mota kusa sai su sa shi a Sylectus, inda kamfanonin gaggawa ke musayar kaya a tsakaninsu. Wanda ka gani a allo sau da yawa ya bi hannu biyu ko uku, kamar kaya a tasha da 'yan kamasho uku suka taɓa, kowa ya yanki nasa.

Shawarata ga sabo irinka ita ce ka shiga ƙarƙashin babban kamfani na shekara ɗaya. Akwai Panther, akwai FedEx Custom Critical, akwai Load One a Michigan, akwai Bolt Express nan garinmu, da wasu ƙanana da yawa. Kowanne da sharaɗinsa na shekarun mota, kuma ba kullum suke ɗaukar ƙananan motoci ba, sai ka kira ka ji. Za su ci kasonsu, amma inshorar za ta sauko sosai kuma ba ruwanka da bin dillali bashi. Ka karanta yarjejeniyar da kyau, musamman kuɗin ajiya da suke riƙewa da ko suna biyan mil ɗin wofi.

ZongoExpress:

Alhaji da girmanka, lissafinka daidai ne ɗari bisa ɗari amma maganar ya koma ƙarƙashin wani kamfani ban yarda ba. Yaron nan ya riga ya ci wata biyu, saura huɗu dillalai su fara kula shi, yanzu ya zubar? Ni na zauna ƙarƙashin wani kamfani wata goma sha ɗaya, ba zan kira suna ba, layi ake bi, ka sauke a gari su ce kai ne na bakwai, ka kwana uku, in ka ƙi lodi biyu su mayar da kai ƙarshen layi. Motarka ce, bashinka ne, amma wani ke yanke maka farashi.

Ɗan Tasawa abin da ya fitar da ni shi ne kwastoma na kaina. Na buga kati, na sa riga mai tsabta, na bi unguwannin masana'antu na Atlanta ƙofa ƙofa ina neman mai kula da fitar da kaya. Wuri talatin na shiga, biyu suka kira ni, ɗaya masu buga takardu ne ɗaya masu gyaran injin masana'anta, har yau su ke riƙe da rabin watana kuma babu dillali a tsakani. Ka nemi katin TWIC ma don shiga tashar jiragen ruwa, yana buɗe wasu ƙofofi.

Kuma gaskiya mu faɗa wa juna, mu ne muke kashe kasuwar nan. Lokacin korona 2020 zuwa 2021 kaya sun yi tsada kowa ya ruga ya sayi mota, daga 2022 farashi ya faɗi, dizal kuma ya haura dala 5 a galan a watan Yuni na shekarar. 2023 kamfanin jigilar kaya Yellow ya rushe, kamfanin dillancin kaya Convoy ya rufe, ma'aikatan masana'antun mota na ƙungiyar UAW suka yi yajin aiki daga tsakiyar Satumba har ƙarshen Oktoba mu masu kayan mota muka ji a jikinmu. Motoci sun fi kaya yawa, dillali ya san in ka ce a'a akwai mutum goma a bayanka da za su ce to. Duk wanda ya ɗauki senti 60 ya yanke wa na bayansa farashi, har da ɗan uwansa da suke sallar Juma'a tare.

In kana da hali nan gaba ka duba babbar mota mai akwati, wadda nauyinta bai wuce fam 26,000 ba ba ta buƙatar CDL, wato lasisin tuƙin manyan motoci, kuma lodinta ya fi yawa. Sai dai da ka haura fam 10,000 dokar awoyi ta hau kanka, awa 11 na tuƙi cikin 14 sannan hutun awa 10, ga na'urar ELD mai ƙirga awoyin tuƙi ga katin likita ga tsayawa a sikeli.

Maman Khalifa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba direba ba ce, maigidana ke jan motar ni nake riƙe waya da takardu daga gida a Greensboro, shekara biyar kenan. Malam Ɗan Tasawa abu na farko, disfacan nan da ke cin kashi 10 ya kawo maka lodin asara, me yake yi maka da ba za ka iya ba? Shi ko nawa aka biya ya ci nasa, ba shi ke sayen mai ba. Ka gaya masa ƙasan farashinka, in ya sake kawo wanda bai kai ba ka sallame shi.

Na biyu kar taya ta motsa sai takardar farashi ta shigo imel ɗinka, kuma ka sa a rubuta kuɗin jira bayan awa biyu, kuɗin kwana, da abin da za a ba ka in ka je aka ce an fasa lodin. In ba a rubuce yake ba ba za ka gan shi ba. Ka ɗauki hoton lokacin isowarka da na fitarka, mai karɓar kaya ya sa hannu da suna da lokaci.

Na uku shi ne wanda ya taɓa ƙona mu. Wani ya ba mu lodi na dala 1,150, muka kai lafiya, kwana arba'in shiru, ashe shi ma karɓa ya yi daga wani dillalin da sunan zai kai da motarsa sai ya sake sayar mana, ya karɓi kuɗin ya ɓace. Tun daga ranar duk wanda ya kira sai na shiga shafin FMCSA, hukumar gwamnati mai kula da motocin jigilar kaya, na duba lambarsa, yana da izinin dillanci ko babu, lambar wayar da ke can ita ce wadda ya kira ni da ita ko a'a, in sunan da ke takardar kaya a wurin ɗauka ya bambanta da wanda ya ba mu lodin sai na tsayar da maigida na bincika. Doka ta wajabta wa kowane dillali ajiye jinginar dala 75,000, in ya ƙi biyanka za ka iya kai ƙara wurin kamfanin da ya tsaya masa, amma ka yi da wuri don in mutane da yawa ke binsa raba kuɗin ake yi. Akwai kuma dokar da ake kira 371.3 da ta ba ka damar ganin nawa mai kaya ya biya dillali a kan lodin da ka ja, sai dai da yawansu suna cusa layi a yarjejeniya cewa ka yafe wannan haƙƙin, mutane na sa hannu ba su karanta ba.

Kar ka manta haraji kuma, babu mai cire maka, kashi 15.3 na mai aikin kansa yana jiranka ban da na kuɗin shiga. Ka rubuta mil ɗinka kullum ka ajiye rasit.

Bakatsine_Indy:

Ƙari ɗaya kawai ɗan uwa. Don dokar awoyi ba ta hau ƙaramar mota ba sai dillalai su ba ka mil 900 su ce gobe da asuba, su kuma suna gida suna barci. Na taɓa farkawa tayata tana kan layin gefen hanya a Missouri ƙarfe uku na dare, Allah ne ya tsare. In lokacin bai isa ka yi barci ba ka ce a ƙara awoyi ko a nemi masu tuƙi biyu. Kuma farkon Yuli da ƙarshen Disamba zuwa Janairu masana'antun mota na rufewa, ka tanadi kuɗin inshorar watannin tun yanzu.

Ɗan Tasawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Alhaji wallahi na ɗauki biro na sake lissafin, lodi goma sha ɗaya na ja watan jiya, huɗu ne kawai suka haura senti 75 in an haɗa da mil ɗin wofi. Hajiya na duba yarjejeniyoyi uku da na sa wa hannu, biyu akwai layin yafewar nan da kika faɗa. Na yi magana da disfacan yau na gaya masa ƙasan farashina. Tambaya ɗaya Alhaji, in na shiga ƙarƙashin kamfani zan iya barin MC ɗina yana ƙirga watanni ko mutuwa zai yi?

Alhaji_Toledo:

In ka soke inshorar da ke kansa FMCSA za ta janye izinin, in ka dawo da shi daga baya dillalai da yawa daga ranar dawowar suke ƙirgawa, a nan ZongoExpress yana da gaskiya. Don haka duba asusunka, in kana da abin da zai riƙe dala 2,250 duk wata har wata huɗu ko da kasuwa ta yi shiru, ka daure ka bi ƙofofin masana'antun Columbus da Marysville kamar yadda ya ce. In babu, kar ka ci bashi a kan bashi, ka shiga ƙarƙashin kamfani. Ranar Alhamis ina da kaya zuwa Cincinnati, zan tsaya a Dayton bayan azahar, in kana kusa turo min saƙo ka zo da takardun inshorarka mu duba tare.