Me ya sa Windows ke hana ni rage girman fayil?

Dan_Mabera: Salamu alaikum. Na rubuta wata 'yar manhajar lissafin albasa ga kawuna, tana buɗe fayil da mmap, wato hanyar shimfiɗa fayil a ƙwaƙwalwar kwamfuta. A Linux ɗina lafiya lau. Na kai ta kwamfutarsa mai Windows, da na zo rage fayil ɗin sai kuskure 1224. Tun azahar nake nan, zufa har ta jiƙa min riga.

Injiniya_Arkilla: Wa alaikumus salam, ƙanena. Windows ba ta yarda a datse fayil matuƙar yana shimfiɗe a ƙwaƙwalwa. Ka kira UnmapViewOfFile don naɗe shimfiɗar, ka rufe abin da CreateFileMapping ya ba ka, sannan ka rage. Kada ka yabi Linux tukuna: tana barinka ka datse, amma ka taɓa wurin da ka yanke, siginar kuskure ta SIGBUS ta kashe manhajar nan take. Ni na fi son wadda za ta ce min a'a.

Hajiya_RunjinSambo: Ɗana, tunda wuta ba tabbas, kana kiran msync ko FlushViewOfFile don abin da ke ƙwaƙwalwa ya sauka cikin fayil? Ni lissafin yini guda ya taɓa tafiya haka.

Dan_Mabera: Wallahi ban kira ba, Hajiya. Bari in gyara kafin la'asar.