Neman shawara: za a yi mini aikin haihuwa, ina tsoron allurar baya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina sati 37 yanzu, na uku ke nan. Biyun farko da kaina na haife su, amma wannan karon hoto ya nuna yaron a gicciye yake, likita ta ce idan bai juya ba zuwa sati 39 aiki za a yi mini. Na rungumi ƙaddara. Abin da ke hana ni barci allurar baya ce. Uwar mijina ta ce wata maƙwabciyarsu tun da aka yi mata take fama da ciwon baya, wasu kuma sun ce tana shanye ƙafafu. Ni dai so nake a sa ni barci gaba ɗaya, in farka in tarar an gama. Ana barin mutum ya zaɓa? Don Allah wadda ta sani ta taimaka.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya mai ba da allurar tiyata:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sauke ki lafiya. Aikina ke nan kullum. Ba a yi miki komai sai da amincewarki, amma ji dalilin da ya sa muka fi son ta baya ga mai ciki.

Kin san ƙwannafin da ke damun masu juna biyu? Mahaifa ce ke danna tumbi, bakin tumbin kuma ya saki. To idan aka sa mace barci gaba ɗaya, abin da ke tumbin na iya tasowa ya gangara huhu, kuma wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Dole a zura mata bututu a maƙogwaro a haɗa da na'urar numfashi, alhali maƙogwaron mai ciki kan ɗan kumbura, zurawar ta fi wuya. Maganin barcin kuma yana kaiwa ga jariri, wani lokacin ya fito a kasale. Da allurar baya kuwa ke ce ke numfashinki da kanki.

Za a zaunar da ke ki duƙa, a goge bayan da magani mai sanyi, a sa siririyar allura tsakanin ƙasusuwan baya daidai ƙugu. Laka tana ƙarewa ne sama da wannan wurin, shi ya sa aka zaɓe shi. Maganin da aka fi sawa sunansa bupivacaine. Cikin 'yan mintoci ƙafafu su yi ɗumi, su yi nauyi, jiki ya mutu daga ƙasan nono zuwa yatsu. Sai mun gwada mun tabbatar ba kya jin zafi kafin likita ya fara. Bayan kamar awa 2 zuwa 4 ƙafafunki su dawo.

Ba zan ɓoye miki ba, awon jini kan yi ƙasa, ki ji tashin zuciya ko rawar sanyi. Saboda haka ne ake sa ƙarin ruwa, ana awon jini a kai a kai, ga 'yar na'ura a yatsa tana nuna yawan iskar da ke jininki. Da kin ji jiri ki yi magana, maganin na hannunmu. Wasu kaɗan kan yi ciwon kai bayan kwana ɗaya zuwa uku, mai tsananta in an zauna, ya lafa in an kwanta. In kin ji irinsa ki faɗa, ana maganinsa. Shanyewar ƙafa ta dindindin abu ne da da ƙyar ake gani. Wurin allurar kan yi tsami na 'yan kwanaki, amma ciwon bayan da ke daɗewa yawanci daga nauyin ciki ne da goyo da duƙe-duƙen aikin gida.

Amsa daga wata uwa:

'Yar uwa, sau biyu aka yi mini. An sa kyalle a gabana, ban ga komai ba. Na ji ana ja ana dannawa, amma zafi ko kaɗan. Ina kwance na ji kukan 'yata, aka kawo ta kusa da fuskata, hawaye kawai nake yi. Wannan kukan ba zan so a ce ina barci aka yi shi ba.

Amsa daga wata Hajiya:

'Yata, ki kiyaye maganar hana ci. Awa 6 ba abinci, farin ruwa kuma a tsaya awa 2 kafin aiki, ko yadda suka ce miki. Kada wani ya lallaɓa ya ba ki kunu ko rubutu don tausayi. In kin sha, ki gaya musu gaskiya, har da jiƙe-jiƙen gida. Allah ya raba lafiya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, hankalina ya fara kwanciya. Anti, ina shan ƙaramin asfirin kullum saboda hawan jinin da na yi a cikina da ya gabata. Zai hana?

Ma'aikaciyar jinya:

Ƙaramin asfirin shi kaɗai ba ya hanawa, amma ki faɗa musu. Wadda ake yi wa allurar tsinka jini irin heparin ce sai an lissafa awannin da ta yi rabonta da ita. Haka kuma in akwai ƙurji a wurin, ko zubar jini mai yawa, ko gwaji ya nuna jini ba ya daskarewa da kyau, sai a koma ta barci. Ranar awonki na gaba ki tafi da duk magungunanki a leda, ki nemi a haɗa ki da mai ba da allurar.