Wai da gaske sauro na cizon tsuntsaye har ya sa musu cuta?

Mai Tattabara, Nima:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimi a taimaka min. Ina kiwon tattabaru a bayan ɗakina nan kusa da babbar kwata, satin nan biyu sun mutu, ɗayar wuyanta ya murɗe tana ta juyi kafin ta cika. Shekaranjiya kuma yara suka tsinci mataccen hankaka a bakin masallaci. To wani ƙanena da ke makaranta a Legon ya ce min wai akwai cutar da sauro ke ɗauka daga tsuntsu ya kai wa mutum, ni dai maleriya kaɗai na sani da sauro, kuma ta ina ma zai ciji abu mai gashi haka? Uwargida ta ce sai na rabu da su saboda yara. In sayar ne ko yaya?

Baba Alhaji, Sabon Zongo:
Wa alaikumussalam. Ɗana, shekarata nawa ina kiwo ban taɓa jin tattabara ta yi zazzaɓi ba. Ka duba ruwan shansu tukuna.

Yar Lab, Kumasi:
Baba a yi min afuwa, amma ƙanen nasa bai yi ƙarya ba. Sauro na cizon tsuntsu a ƙafa da gefen ido, inda babu gashi, galibi da dare suna barci. Sai dai ba sauron maleriya ba ne, wani ne ana ce masa Kuleks, shi ruwa mai datti yake so, irin na kwata da ya kwanta ba ya gudu. Bairas ɗin, wato ƙwayar cutar da ake magana, sunansa West Nile, a Yuganda aka fara gano shi a 1937 a jinin wata mata. Yana da ɗan uwa Usutu da aka gano a Afirka ta Kudu a 1959, shi ne ya yi ta kashe tsuntsaye a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 2001.

Yadda ake binciken kuwa, ana kafa wata raga mai laushi kamar zare da asuba, tsuntsu ya faɗa, a ɗebi jini kaɗan a jijiyar wuya ko ta fiffike, a sa masa zobe a ƙafa a sake shi. Jinin a firiza mai sanyi digiri 80 ƙasa da sifili ake ajiye shi. Gwajin PCR shi ke nuna ko bairas ɗin na cikin jinin yanzu, kuma abin haushin aikin kenan, kwanaki kaɗan kawai yake yi a jini, ka kama tsuntsaye da yawa ka sha rana ka dawo ba komai. Shi ya sa aka fi neman alamar garkuwar jiki, wadda ke nuna ya taɓa kamuwa ya warke.

Abin da ya shafe ka ɗan uwa: a 2003 masu bincike a Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka sa sauro mai cutar ya ciji tsuntsaye kala 25 a lab. Hankakan Amurka da ƙananan tsuntsaye dangin gwara su ne jininsu ya cika da bairas har sauro ya iya kwasa, hankakan ma mutuwa suka yi. Tattabara da kaza kaɗan suke tarawa. Don haka ne ma ake ajiye kaji a keji kamar masu gadi, ana gwada jininsu a san ko cutar ta shigo gari. Murɗewar wuyan nan ni ta fi min kama da cutar Niyukasil ta tattabaru, wadda daga juna suke ɗauka, ba ruwan sauro. Amma ba a yanke hukunci ta waya, ka sa leda a hannu ka ɗauki gawar ka kai wa likitan dabbobi.

Ɗan Mamobi a Bronx:
Yaya ta yi gaskiya wallahi. Ina nan a 1999 da abin ya ɓarke a Niyu Yok, hankaki na faɗowa a titi, har gidan zu, wato gidan ajiye namun daji, na nan unguwarmu tsuntsaye suka mutu, aka yi ta feshin magani da jirgi mai saukar ungulu muna rufe taga. Kafin nan ba a san cutar a Amurka ba sam.

Mai Tattabara, Nima:
To Yaya in mutum ya kamu fa, mutuwa ce?

Yar Lab, Kumasi:
A'a, kusan takwas cikin goma ba sa ma jin komai. Wasu zazzaɓi da ciwon kai, wajen ɗaya cikin 150 ne take taɓa ƙwaƙwalwa, yawanci tsofaffi. Sauro ba ya ɗauka daga mutum ya kai wa wani. Allurar rigakafi akwai ta dawaki, ta mutane babu. Ka ce wa uwargida ta bar tattabarun, ta sa yara cikin gidan sauro.

Baba Alhaji, Sabon Zongo:
To 'yata na ji, Allah ya ƙara ilimi. Amma dai ya duba ruwan.