Tambaya ga matuƙan jiragen sama: yaya ake tsallakawa zuwa babban jirgi?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar magabatana a wannan sana'a, musamman kyaftin-kyaftin da suka daɗe suna tuƙin jiragen fasinja.

Na kammala horo a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, ina riƙe da lasisin tuƙin kasuwanci, haɗe da izinin tuƙi ta hanyar dogaro da na'urorin jirgi kaɗai, da izinin tuƙa jirgi mai injin biyu. Yanzu ina gida Sakkwato, lamarin ya cije. Duk kamfanin da na miƙa wa takardu, sai a nemi shaidar ƙwarewa kan nau'in jirginsu, galibi Boeing 737, wasu ma har da sa'o'in tashi a kansa, alhali ba a tara sa'o'in sai an ɗauki mutum aiki. Babban lasisin da ake zama kyaftin da shi kuwa yana buƙatar sa'o'i 1,500, wanda a halin da nake ciki ya yi mini nisa ƙwarai.

Iyayena sun yarda a sayar da fili domin in biya kuɗin horon samun wannan shaidar ƙwarewa da kaina, amma ina fargaba, domin shaidar tana buƙatar sabuntawa a na'urar kwaikwayon tuƙi, kuma idan aiki bai samu da wuri ba, kuɗin sun tafi a banza. Shin ya fi dacewa in jira kamfanin da zai ɗauki nauyina bisa yarjejeniyar yi masa aiki na wasu shekaru, ko in zama malamin tuƙi in tara sa'o'i? Sannan idan na yi horon a waje, waɗanne takardu NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, take nema kafin ta shigar da shi a lasisina?

Allah ya saka da alheri.