Shin zakka tana halatta a biya kuɗin fansar wanda aka sace?

Assalamu alaikum, malamai. Masu garkuwa da mutane suna riƙe da ƙanena, kuma duk da mun sayar da abin da muka mallaka mun ciwo bashi, kuɗin fansar da suka yanka bai cika ba. Wani attajiri ya yarda ya cike daga zakkarsa, amma yana tsoron kada ta ƙi isar masa. Malamin da na fara tambaya ya ce 'yanta wuya, ɗaya daga cikin wuraren ba da zakka da aka ambata a Suratut Tauba aya ta 60, ya haɗa da fansar kamamme, kamar yadda Hambaliyya suka tafi; wani kuma ya ce mashhurin ra'ayin Malikiyya ya keɓe shi ga bayi kaɗai. Wa'adin yana ƙaratowa. Idan ya biya da zakkar, ta sauka daga wuyansa?