Musayar Waƙa: Mai Saye Ya Ɗaga Murya a Shagon Kofi

Ɗan Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa na Ikko. Na wannan makon na masu tsayuwa bayan kanta ne a shagunan kofi. Ƙwar huɗu za mu yi, wato ɗango huɗu a kowane baiti, kowa ya zaɓi amsa-amonsa.

Bismillahi da shi nake farawa,
Batun mai saye da ke yin tsawa,
Ya sha gosulo a gadar Third Mainland yana ƙunawa,
Ya iso kanta, a kanka zai hucewa.

Ka bar shi ya kai ƙarshen zancensa,
Kar ka katse shi a tsakar faɗansa,
Sai ka maimaita masa odarsa:
"Latte babba, ba sukari, ko ba haka ba?"

Sunansa ka sa a jikin kofinsa,
Girma da irin madara a gefensa,
In ya musa abin da ya fito bakinsa,
Rubutun nan ne zai tuna masa.

'Yar Zariya a Lekki:
Yayana na Agege ka yi ƙoƙari,
Amma ka tsallake tushen al'amari,
Rabin masu faɗan ba su da sharri,
Kofin ne ya zo musu babu tsari.

Giram 18 za ka niƙa ka auna,
36 ya zubo, sikeli ya nuna,
Cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, ka tuna,
Ka kauce wa wannan, ka sha magana.

In ya ce "tsami!", ruwa ya yi sauri,
Niƙan da tsakuwa, ƙara wa garin laushi da wuri,
In ya ce "ɗaci!", garin ya toshe ya yi tauri,
Sassauta injin niƙa kafin ka ba shi haƙuri.

Malamin Idi-Araba:
Kafin a yi nisa. Ɗan Agege, baitinka na biyu ya karye: ɗango uku da "sa", na huɗu ka ƙare da "ba". Ke kuma ɗiyata, "cikin daƙiƙa ashirin da biyar zuwa talatin, ka tuna" gaɓa 19 ne, na samansa 15. Numfashi zai ƙare kafin a kai gaci.

Waƙa da awo ake zubawa,
Gaɓa da gaɓa ake jerawa,
Mai auna giram ba ya kasawa,
Ya auna ɗango kafin turowa.

Sarkin Shayin Mile 12:
Ku 'yan inji kun cika lissafi,
Sikeli da agogo kan ɗan kofi,
Mai shayi na ɗaga hannu da ƙarfi,
Daga moɗa zuwa moɗa ya rage zafi.

Mai saye in ya zo da neman laifi,
A teburin shayi ba a yi masa tafi,
A ce "Malam, aje kuɗin ka tafi,"
Gobe da asuba shi zai fara miƙo kofi.

Hajiyar Obalende:
Baba Sarkin Shayi, a yi mana afuwa,
Teburinka ba a ba shi tauraro a Google don aunawa,
Mu wanda aka sallama da tsawa,
Kafin ya kai mota ya gama rubutawa.

Kan madara ake yawan rigima,
Daga digiri 60 zuwa 65 take da girma,
Ta haura 70, kumfanta ya gama,
Zaƙi ya gudu, ƙauri ya kama.

Mai son "a ƙara zafi" in ya nema,
Da ruwan zafi kofinsa ka ɗumama,
Ka ce "Ranka ya daɗe, tafasa na kashe ta," cikin girma,
In ya dage, ba shi, kuɗinsa ne dama.

Bututun tururi a fesar, a goge,
Kafin kowane kofi da bayansa, Ɗan Agege,
Mai gudun madarar shanu in ya dage,
Jog ɗinsa daban, a wanke a aje gefe.

Wannan na ƙarshe ba iyayi ba ne. Akwai wanda madarar shanu ke ɓata wa ciki, akwai wanda madarar waken suya ko ta almon ke sa wa kumburi da ƙaiƙayi. Jog ɗaya ga madara iri biyu ganganci ne, ko da mai sayen ya yi maganar da gatsali.

Mai Goron Agege:
Kai! Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kano ko da me ka zo an fi ka. A rufe zaren kawai, an gama.

Bazazzagin Apapa:
A rufe saboda me? Wa ya fara kawo awo a zaren nan? 'Yar Zariya ce ta buɗe ido, Hajiya ta bi sawu. Kanawa dai ba ku iya ganin abu mai kyau ba ku ce naku ne ba.

Basakkwacen Alaba Rago:
Ku bar gardamar gari, ga abin da kunka manta.

Kuna ta zancen madara kun bar wuya,
Wurin kuɗɗi nan ne babbar tambaya,
Mutum shi nuna maka alat ga waya,
Shi ce "na tura," shina son juya baya.

Kak ka ce mai ɓarawo, kak ka ba shi kunya,
Kak ka kuma yarda da hoton waya,
Asusun shago shi ka hwaɗin gaskiya,
Sai kuɗɗi sun shigo sannan an biya.

In POS ta ƙi, an cire mai, shina hayaniya,
Ba shi rasit da ka nuna ba ta biya,
Bankinai ka maido mai, ba mai kanta ba, ka jiya,
Ko shi kawo na hannu, ko kofin shi tsaya.

Ɗan Agege:
Basakkwace ka biya. Malam kuma, da girmanka, "ba" ɗin nan da gangan ne. Maganar bakin kanta ce na ɗauko yadda ake faɗinta, ba zan lanƙwasa ta don amsa-amo ba.

Malam na Idi-Araba mai jan alƙalami,
Ana gobara kai kana gyaran rawani da ilimi,
Layi ya kai ƙofa, inji na gurnani da ɗumi,
Wa zai tsaya ƙirga gaɓa da yatsa a baki?

Malamin Idi-Araba:
Ga shi ka sake. "Mi, mi, mi," sai "ki". Wannan ma da gangan ne?

'Yar Zariya a Lekki:
Baba Malam, Allah ya gafarta maka, tunda an zo nan bari a faɗa. Kari ba da yawan gaɓa kaɗai ake auna shi ba, da nauyi da rashin nauyi ake yi. Ɗangonka na farko ya fara da "wa" ta waƙa, mai nauyi. Na biyu ya fara da "ga" ta gaɓa, marar nauyi. To wane kari ka hau, Kamil ko Rajaz?

Malamin Idi-Araba:
Wannan zihafi ne, wato ɗan sauyin nauyin gaɓa a cikin kari, kuma masana aruli, ilimin awon waƙa, sun halatta shi. Cusa gaɓa huɗu na ƙari a ɗango ba zihafi ba ne, lodi ne.

Bazazzagin Apapa:
Duk inda Malam ya yi tuntuɓe sunansa zihafi, na wani kuwa karaya. To madalla.

Mai Goron Agege:
Ku ƙyale Malam, ya girme ku. Amma dai baitin Hajiya ko shi bai taɓa ba, ku lura.

Malamin Idi-Araba:
Ban kai kansa ba ne. "Goge, Agege, dage," sai "gefe".

Autan Yaba:
Yayye da iyaye, sai yau na ga zaren, an bar mu masu koyo a baya. A taimaka da wannan:

Kun faɗi na tsami, kun faɗi na ɗaci,
To mai zagin uwa fa, da cin mutunci?
A yi shiru don kar a rasa abinci,
Ko a rama a tattara a bar kasuwanci?

Hajiyar Obalende:
Ƙanena, haƙuri yana da iyaka,
In ya ɗaga murya, sassauta taka,
Ja shi ƙarshen kanta, ya bar kan layinka,
Mai 'yan kallo ba ya saurin sauka.

Sake masa kofi sau ɗaya, shi ne naka,
Na biyu da maido kuɗi sun wuce huruminka,
Kira manaja ya zo ya tsaya a gabanka,
Albashinsa na wannan ne, ba kai za ka ɗauka.

In ya zagi uwa ko ya kai hannu jikinka,
Kanta ta tsaya tsakani, riƙe hannunka,
Tulun ruwan zafi ka janye shi bayanka,
Kira mai gadi, kyamara na samanka.

Rubuta lokaci da kalmominsa a littafinka,
Da sunan abokin aikin da ke gefenka,
Kafin a tashi ka miƙa wa shugabanka,
Gobe in ya kawo ƙara, takardar ce lauyanka.

Ɗan Agege:
Hajiya, "sau ɗaya" ɗin nan sai an sa masa sharaɗi, in ba haka ba shago ya zama gidan sadaka.

Akwai mai shan kofi har ya kusa ƙarewa,
Sannan ya tuna da ɗaci ya hau kumburawa,
Wannan ba a sake masa, sai lallaɓawa,
Kurɓa ɗaya ko biyu ne ake canzawa.

'Yar Zariya a Lekki:
Autan Yaba ya tambayi na maza, ga na 'yan mata.

Ƙanwata, in ya ce ba ni lambarki,
Ce masa "Oga, ba a bayarwa a bakin aiki,"
Kar ki yi dariyar da zai ɗauka amincewarki,
In ya nace, musanya wuri da abokin aikinki.

Ga kuma mai cewa "a Landan ba haka ba ne,"
Ya nemi kafucino ya ce rabinsa kumfa ne,
Tambaye shi tun farko wanne yake so ne,
Mai kumfa da kauri, ko latte da madara ta danne.

Amerikano kuwa esfireso ne, wato ɗan kofi mai ƙarfi da inji ke tatsowa, da ruwan zafi, babu madara sai an nema. A faɗa wa baƙo kafin ya biya, ya fi a yi bayani bayan ya ɓata fuska.

Sarkin Shayin Mile 12:
Sunaye dai kamar na 'yan ƙwallo. Mu ganyenmu a Mambila ake noma shi, ba ma jiran jirgi.

Ɗiyata ta Lekki mai yawan bayani,
A ɗauke wuta mu ga inda za ki sa kanki a zamani,
Injinki ya mutu, janareta na gurnani,
Gawayina kuwa ja wur, damina da rani.

'Yar Zariya a Lekki:
Baba, Mambilar da kake taƙama da ita ana noman kofin arabika a can ma. Amma ka taɓo gaskiya.

Inji in ya huce ba ya son gaggawa,
Minti 20 zuwa 30 yake ɗumamawa,
Ruwa ƙasa da digiri 90, tsami yake fitarwa,
Faɗa wa layi tun wuri, mai sauri ya yi tafiyawa.

Damina ta Legas da laima take zuwa,
Gari ya sha danshi, gudun ruwa na canzawa,
Niƙan da aka saita da safe na kaucewa,
Da la'asar a sake aunawa da ɗanɗanawa.

Basakkwacen Alaba Rago:
Ba wanda ya taɓo mai kwamfuta.

Shi sai kofi guda tun hantsi shi zamna,
Soket da intanet duk shi mallake har rana,
Teburin mutum huɗu shi ɗai ka ta gyangyaɗi da hamma,
Ka zo da murmushi: "Oga, in ƙaro wani abu?" Shi ka magana.

In shagon yana da dokar zama, a manna ta ga bango inda kowa ka gani. Doka da ba a rubuta ba, ranar da ka hwaɗe ta sai shi ce shi ɗai ka tsana.

Mai Goron Agege:
Basakkwace, "hamma" da "rana" ba su haɗu ba, ko ni mai goro na ji.

Malamin Idi-Araba:
Alhamdu lillahi, an fara samun almajirai. 'Yar Zariya, "ya yi tafiyawa" ba Hausa ba ce, amsa-amo ne ya shaƙe ki. Ki gyara ki turo, ina nan har bayan isha'i.

Bazazzagin Apapa:
Kar ki gyara komai. Ki ce masa zihafi ne.